Umaru Ganda: ɗan dakon da ya karɓe labarinsa daga hannun Bature

Shekara 16 kacal Umaru Ganda yake da ita lokacin da ya sa kakin sojan Faransa a 1951. Bazabarme ne, haifaffen Yamai a 1935, karatunsa bai wuce firamare ba. Aka kwashe su sai Indocina, wato yankin Biyetnam na yau, domin su taya Faransa murƙushe mutanen da ke neman 'yanci, alhali su ma a ƙarƙashin mulkin mallakar suke. Faransa ta sha kashi a 1954, shi kuma ya dawo gida babu aikin yi.

Sai ya gangara Abijan ya shiga dako a tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya san 'yan dakon tashar Duwala ya san irin wannan zaman, yau a samu gobe a rasa. A can ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya gan shi, ya sa shi jarumi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Wajen ƙarshen fim ɗin Ganda yana tafe a bakin ruwa yana kwatanta wa wani yaro yadda suka yi yaƙi, ya faɗi ƙasa, ya tashi, ya yi kamar yana harbi. Fim ya yi suna a Turai. Amma fa rayuwar ta Ganda ce, sunan kuma na Rouch.

Sai da ya shekara goma kafin ya fitar da nasa. Cabascabo, na 1968, fim ne baƙi da fari na minti 45 da harshen Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumin. Tsohon soja ya dawo da ɗan kuɗin sallama, abokai da maroƙa da mata suka yanyame shi, kuɗi na ƙarewa kowa ya kama gabansa. Can sai yaƙin ya riƙa dawo masa a zuciya, da abokan da aka bari a filin daga. A ganina ƙarfin fim ɗin a nan yake: bai tsaya kan Faransa kaɗai ba, har mutanen gida da suka tatse sojan bai raga musu ba. An nuna shi a Kan a 1969, ya kuma samu lambar yabo a Mosko.

A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame, kan wani Alhaji da auren dole, ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karon farko da aka bayar da ita. Shekara huɗu bayan haka ɗan Duwala, Dikongué Pipa, ya ɗauko ta da Muna Moto.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45. Cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.