Likita Mai Dogon Gemu: Tarihin W. G. Grace

Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, wannan makon a shafinmu na tarihin shahararrun mutane mun kawo muku wani Bature ɗan wasan kurket. Mun san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka fi sani, don haka bari mu ɗan yi bayani. A kurket mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ɗaya yana jefa ƙwallo, ɗaya yana kare wasu sanduna uku da faffaɗan katako. In ya doki ƙwallon sai ya ruga, kowane gudu maki ɗaya ne. Wanda ya ci maki 100 a shiga ɗaya ya yi babban abin yabo.

An haifi William Gilbert Grace ranar 18 ga Yuli, 1848, a Downend kusa da birnin Biristol a Ingila. Mahaifinsa likita ne mai son kurket, mahaifiyarsa Martha ma ta san wasan sosai. A lambun gidansu yaran suka koya. Yana ɗan shekara 18 ya ci maki 224 a filin Oval na Landan, kuma ana cikin kwanakin wasan ya je wata gasar tsere ta tsallake shinge ya zo na ɗaya.

A 1870 aka kafa ƙungiyar kurket ta gundumar Gloucestershire, shi da 'yan'uwansa biyu, Edward da Fred, su ne ginshiƙanta. A watan Agustan 1876 ya ci maki 344, sannan 177, sannan 318 ba tare da an fitar da shi ba, wasa uku a jere. Mun haɗa lissafin a allo, ya ba mu 839. Karatun likita kuwa ya ja shi, don sai 1879 ya gama, yana da shekara 31. Wasa ne ya cinye masa lokaci.

A 1880 Ingila ta kara da Ostireliya a Oval, 'yan gida ɗaya su uku suna cikin tawagar. Grace ya ci 152. Murnar ba ta daɗe ba, bayan mako biyu Fred ya rasu da ciwon huhu yana da shekara 29.

Akwai inda muka yi gardama a kulob ɗinmu. A zamaninsa 'yan wasa kashi biyu ne: masu hali da ke yi don sha'awa ba a biyansu, da talakawa da wasan ne sana'arsu. Grace yana cikin kashi na farko a suna, amma ya fi masu sana'ar samun kuɗi nesa ba kusa ba. Da ya jagoranci tawaga zuwa Ostireliya a 1873, fam 1,500 aka ba shi. Ga shi da gardama da alƙalan wasa. Wasunmu sun ce ai saboda shi jama'a ke cika fili, don haka ya ci guminsa ne. Amma mafi yawanmu muna ganin ba a yi wa sauran 'yan wasan adalci ba. A gefe guda kuma, a Biristol an san shi da duba talakawa marasa lafiya, sau da yawa ba ya matsa musu su biya.

A 1895, gemu ya fara furfura, ga ƙiba, ya ci maki 1,000 a watan Mayu kaɗai, kuma ya zama na farko da ya ci ɗari har sau ɗari. Ya buga wa Ingila wasansa na ƙarshe a 1899 yana da shekara 50, ya bar manyan wasanni a 1908 da maki sama da 54,000.

Ya rasu ranar 23 ga Oktoba, 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1923 aka gina ƙofa da sunansa a filin Lord's na Landan, har yau ta nan 'yan kallo ke shiga.