Tarihin Henry Ford, Ɗan Manomi Mai Gyaran Agogo

An haifi Henry Ford ran 30 ga watan Yuli, 1863, a wata gona kusa da Dearborn, cikin jihar Michigan ta ƙasar Amurka. Ubansa, William Ford, mutumin Ailan ne wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya sari daji ya yi gona, har ya sami rufin asiri. Ba abin da yake so kamar ɗan nan nasa ya gaje shi. Shi kuwa yaron tun yana ƙarami ba ya ƙaunar noma, don a ganinsa wahalar ta fi amfanin yawa. Abin da ke ɗauke masa hankali shi ne ƙarfe, da duk wani abu mai juyawa.

Da ya kai wajen shekara goma sha biyu aka ba shi agogon aljihu. Maimakon ya adana shi kamar sauran yara, sai ya kwance shi sarai, ya dudduba cikinsa, ya mayar da kome wurinsa. Ba shi da kayan aiki, saboda haka ya ƙera nasa da kansa, har ya goge kan ƙusa ya mai da ita abin kwance noti. Ba a daɗe ba maƙwabta suka shiga kawo masa agogunansu da suka tsaya. Malaman makaranta dai sun san irin yaron nan, wanda ba a ajiye abu kusa da shi sai ya buɗe, kuma sau da yawa bulala ce ladansa.

A shekarar 1876 abubuwa biyu suka same shi. Uwarsa ta rasu, gidan ya fita masa a rai. A cikin shekarar kuma, yana tafe da ubansa a keken doki, suka gamu da wani inji mai aiki da tururi yana tafiya bisa hanya da ƙarfin kansa, ba doki. Irin injunan nan da dawaki ake jansu daga gona zuwa gona don sussuka, amma wannan an ɗaura masa sarƙa daga injin zuwa ƙafafun baya. Yaron ya dira ƙasa, ya tsare mai tuƙin da tambayoyi. Har ya tsufa yana ba da labarin ranar nan, yana ɗaukarta ita ce mafarin sana'arsa.

A 1879, yana ɗan shekara goma sha shida, ya bar gona ya tafi birnin Detroit koyon aikin inji. Albashinsa bai isa kuɗin ɗaki da abinci ba, sai ya riƙa gyaran agogo da dare yana cikawa. Bayan shekara uku ya koma ƙauye yana lura da injunan tururi na manoma. Ya auri Clara Bryant a 1888, sa'an nan a 1891 ya kama aiki a kamfanin lantarki na Edison a Detroit, inda ya zama babban injiniya a 1893.

To, a nan ne aikin ya kankama. In ya tashi daga aiki sai ya shige wani ɗan ɗakin bulo bayan gidansa, ya yi ta fama da injin fetur. Injinsa na farko a ɗakin girki ya gwada shi, a ƙarshen 1893, matarsa na ɗiga masa fetur shi kuwa yana juya ƙarfen. Ran 4 ga Yuni, 1896, da asuba, motarsa ta farko ta kammala. Ƙafafun keke huɗu gare ta, da sanda maimakon sitiyari, giya biyu, ba ta da ribas, gudunta kuma bai wuce mil 20 a sa'a ba. Sai da aka zo fitar da ita aka ga ta fi ƙofa faɗi. Ya ɗauki gatari ya fasa bangon, ya fito da ita.

Ba shi ne ya ƙago mota ba, kada a yi kuskure. Karl Benz na Jamus ya riga shi da shekara goma. Kuma kasuwancinsa bai fara da sa'a ba. Kamfaninsa na farko ya karye, na biyu kuma ya saɓa da masu kuɗin ya bar musu. Abin da ya ɗaga sunansa a tsakani shi ne tseren mota da ya ci a 1901, inda ya kayar da Alexander Winton, gwanin zamanin. A 1903 aka kafa kamfanin Ford da tsabar kuɗi dala 28,000.

A lokacin mota kayan attajirai ce. Niyyar Ford ita ce ya yi wadda manomi zai iya saya, ya bi da ita hanyar taɓo, in ta lalace kuma ya gyara ta da hannunsa. Ita ce motar da aka kira Model T, wadda ta fito a 1908 a kan dala 850. A 1913 ya shirya ma'aikatarsa yadda mota ce ke tafiya a hankali gaban ma'aikata, kowa na tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. Aikin da ke cin fiye da sa'a goma sha biyu ya koma kamar sa'a ɗaya da rabi. Kuɗin motar ya yi ta sauka har ya kai dala 260, zuwa 1927 kuma an yi guda miliyan goma sha biyar.

Amma fa dabarar nan tana da ɗaci. Mutumin da ya ƙi noma don gajiyar maimaita abu ɗaya, ga shi ya sa dubban mutane ɗaura noti ɗaya daga safe har yamma. Ma'aikata suka riƙa gudu, har ya zama dole a 1914 ya ninka lada zuwa dala biyar a yini don su zauna.

Girma kuma ya zo masa da taurin kai. Ya ƙi sake fasalin Model T duk da roƙon ɗansa Edsel, har motocin Chevrolet suka janye masa masu saye, ya rufe ma'aikata wata da watanni a 1927 don shirya sabuwa. Jaridar da ya mallaka ta yi shekaru tana buga ƙazafi a kan Yahudawa, sai a 1927 ya nemi gafara a fili. Ya yaƙi ƙungiyar ma'aikata, har 'yan barandansa suka yi wa shugabanninta dūka a 1937, bai yarda da ita ba sai 1941. Wanda ya san halin inji ciki da waje, sanin halin mutane ya yi masa wuya.

Edsel ya rasu a 1943, a 1945 kuma tsohon ya miƙa kamfanin ga jikansa, Henry na biyu. Ya mutu ran 7 ga Afrilu, 1947, yana da shekara 83, a gidansa na Dearborn, ba nisa da gonar da aka haife shi. A daren nan kogin Rouge ya yi ambaliya ya kashe injin lantarkin gidan, saboda haka da fitilar kananzir da kyandir aka haskaka ɗakin da ya cika.