Muhammad Musaddik: Firaministan Iran da aka kifar saboda man fetur

Tsamin dangantakar da ke tsakanin Amurka da Iran ya girmi juyin juya halin 1979. Tushensa yana komawa ga wani dattijo da ya rasu yana ƙarƙashin ɗaurin talala ranar 5 ga Maris, 1967.

An haifi Muhammad Musaddik a Tehran a shekarar 1882, mahaifiyarsa kuma jinin sarautar Kajar ce. Ya samu digirin dakta a fannin shari'a a Suwizalan, ya dawo gida ya riƙe muƙaman gwamna da minista da ɗan majalisa. A 1925 ya ƙi amincewa a naɗa Reza Khan sarki, abin da ya jawo masa shekaru cikin takura, har da ɗauri.

Man fetur ne ya ɗaga sunansa. Kamfanin Anglo-Iranian, wanda gwamnatin Birtaniya ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, shi ke riƙe da rijiyoyin ƙasar da matatar Abadan, wadda ta fi kowace girma a duniya a lokacin. Harajin da kamfanin ke biya a Landan ya zarce abin da ke shiga baitulmalin Iran. Da Aramco ya yarda ya raba riba biyu da Saudiyya a ƙarshen 1950, sai haƙurin Iraniyawa ya ƙare. A watan Maris na 1951 majalisa ta mayar da man hannun gwamnati, a Afrilu Musaddik ya zama firaminista.

Birtaniya ta janye ƙwararrunta, ta toshe wa man Iran kasuwa. Shi kuwa ya tafi Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da kotun duniya ta Heg ya kare ƙasarsa da bakinsa. Shugaba Truman bai yarda a kifar da shi ba. Eisenhower, wanda ya hau a 1953 yana fargabar kada Iran ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, ya amince. Musaddik ma ya ba maƙiyansa hujja, domin ya rushe majalisa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama mai cike da shakku. Ranar 19 ga Agusta, 1953, hukumar CIA da takwararta ta Birtaniya suka yi amfani da sojoji da 'yan zanga-zangar haya suka tumɓuke shi.

Shekara guda bayan haka, kamfanonin Amurka suka samu kashi 40 cikin ɗari a sabuwar yarjejeniyar man, Sarki Muhammad Reza kuma ya zama babban aminin Washinton har zuwa faɗuwarsa a 1979. Sai a 2013 CIA ta amsa hannunta a fili.

Musaddik ya yi shekara uku a kurkuku, sauran rayuwarsa ya ƙare ta a ƙauyen Ahmadabad ƙarƙashin masu gadi. Ya yi wasiyya a binne shi kusa da magoya bayansa da aka kashe a zanga-zangar Yulin 1952. Gwamnati ta hana, aka binne shi a cikin wani ɗaki na gidansa.