Jackie Robinson, Ɗan Wasan da Ya Kunyata Masu Hasashe

Duk wanda ya saba zuwa kallon dambe ko kokawa da kaka a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san cewa tun ba a shiga fage ba 'yan kallo sun gama yanke hukuncin wanda zai kai wani ƙasa. Haka abin yake a Amurka wajen masu sha'awar besbol da ƙwallon kwando, sai dai su da lissafi suke nasu hasashen. To, cikin hasashen da ya sha kunya a tarihin wasanninsu har da wanda aka yi a 1945, cewa wani saurayi baƙar fata mai suna Jackie Robinson ba zai kai labari a babban rukunin besbol ba.

Shi besbol wasa ne na mutum tara tara. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki, sa'an nan ya ruga ya zagaya zango huɗu kafin a dawo da ita. Wanda ya ci nasarar bugu uku cikin goma, to, gwani ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan kulob suka haɗa baki ba su ɗaukar baƙar fata, ko da yake babu wata doka a rubuce da ta ce haka.

An haifi Robinson ran 31 ga watan Janairu, 1919, a garin Cairo na jihar Jojiya, shi ne autan 'ya'ya biyar. Iyayensa talakawa ne masu noma a gonar wani a raba amfani. Da mahaifinsa ya bar gida, sai mahaifiyarsa Mallie ta kwashe 'ya'yanta a 1920 ta koma Pasadena ta jihar Kalifoniya, tana aikatau a gidajen Turawa tana ciyar da su. Wansa Mack ne ya zo na biyu a bayan Jesse Owens a tseren mita 200 na wasannin Olimfik da aka yi a Jamus a 1936.

A 1939 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya zama ɗalibi na farko da ya wakilci jami'ar da yabo a wasanni huɗu: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa irin na Amurka, da guje-guje da tsalle-tsalle. A ƙwallon kwando shekara biyu a jere babu wanda ya kai shi cin maki a shiyyarsu. Abin mamaki, besbol ne ya fi ba shi wuya, domin a 1940 bugunsa bai kai ɗaya cikin goma ba. Mai bin lissafi kawai da ya ce wannan yaro ɗan ƙwallon kwando ne.

An ɗauke shi soja a 1942, ya kai muƙamin laftana. Ran 6 ga watan Yuli, 1944, a sansanin Camp Hood na jihar Texas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerun baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, ta kuwa wanke shi. Bayan ya bar soja ya koyar da ƙwallon kwando a wata kwalejin baƙaƙen fata a Austin, sa'an nan a 1945 ya shiga Kansas City Monarchs, kulob na rukunin baƙaƙe zalla, a kan Dala 400 a wata.

Daga nan ne Mista Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers na New York, ya aika aka kira shi. Sun gana ran 28 ga watan Agusta, 1945. Rickey ya gindaya masa sharaɗi mai nauyi: duk zagin da za a yi masa, kada ya rama. Ga mutumin da ya tsaya gaban kotun soja saboda kujerar bas, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne, amma ya ɗauka, domin ya san in ya fāɗi an rufe ƙofa ga duk na bayansa.

Da labari ya fito cikin Oktoba, masu hasashe suka yi caa. Bob Feller, shahararren mai jifan ƙwallo na Cleveland, ya ce tsokar kafaɗunsa ta yi yawa, ba zai iya dukan ƙwallon da aka jefo kusa da jikinsa ba. Robinson ya ba da amsa a fili. A 1946 aka tura shi ƙaramin kulob na Montreal a Kanada, ya fi kowa bugu a rukunin, kusan 35 cikin ɗari, suka ci kofi. Da sanyin wannan shekara kuma ya taɓa ƙwallon kwando na sana'a da Los Angeles Red Devils.

Ran 15 ga watan Afrilu, 1947, ya fito wa Dodgers a filin Ebbets gaban 'yan kallo fiye da 26,000. Waɗansu abokan wasansa sun nemi a hana shi tun kafin ranar. Manajan kulob ɗin Philadelphia, Ben Chapman, ya jagoranci yaransa suna yi masa zagin ƙare dangi. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, an hana shi masauki a waɗansu otal-otal. Ya haɗiye duka. Ƙarshen shekara shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa, kulob ɗinsa kuma ya zo na ɗaya a rukuninsa. A 1949 shi ne gwarzon rukunin gaba ɗaya da bugu 34 cikin ɗari. Cikin shekara goma Dodgers sun kai wasan ƙarshe sau shida, suka ɗauki kofin a 1955 bayan sun doke New York Yankees.

Ƙofar da ya buɗe ba ta tsaya a besbol ba. A 1950 rukunin NBA na ƙwallon kwando ya karɓi Chuck Cooper, Nat Clifton da Earl Lloyd. Ta wannan ƙofa ce Hakeem Olajuwon na Legas ya shiga a 1984, har ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995.

Robinson ya ajiye wasa a farkon 1957, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin Chock full o'Nuts, ya kuma ba da ƙarfinsa ga ƙungiyar NAACP mai neman 'yancin baƙaƙen fata. An sa shi cikin zauren gwanayen besbol a 1962. A 1964 yana cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa har ya kusa makancewa. Kwana tara kafin mutuwarsa ya yi kira a bainar jama'a a naɗa baƙar fata manajan babban kulob, abin da bai tabbata ba sai a 1975.

Ya mutu ran 24 ga watan Oktoba, 1972, yana da shekara 53. A 1997 aka jingine lambar rigarsa, 42, a dukan manyan kulob na besbol, ba a ƙara ba wani sabon ɗan wasa ita ba. Sai dai kowace shekara, ran 15 ga watan Afrilu, dukan 'yan wasa, baƙi da fari, da ita suke fitowa fili.