William Dargan: Ɗan Manomin Da Ya Shimfiɗa Wa Ayilan Layin Dogo

A wannan mako na kawo muku tarihin wani ɗan kwangila da ya rasu fiye da shekara 150 da suka wuce, amma har gobe jiragen ƙasa suna bin hanyoyin da ya gina. Sunansa William Dargan. Mutanen ƙasarsa suna kiransa uban layin dogon Ayilan.

Ayilan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, babban birninsa kuma Dublin. A zamanin Dargan duk tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1799, a ƙauye kusa da garin Carlow. Mahaifinsa manomi ne. Tun yana yaro aka ga kansa yana ja a lissafi, saboda haka da ya gama makaranta sai aka sa shi koyon aikin safiyo, wato auna ƙasa da fitar da hanya.

Da ya zama saurayi sai ya haye teku ya samu aiki a ƙarƙashin wani shahararren injiniya mai suna Thomas Telford, wanda yake gina babbar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa tashar jiragen ruwa ta Holyhead. A nan Dargan ya koyi yadda ake cike kwari, da yadda ake fasa dutse, da yadda ake tafiyar da ɗaruruwan leburori ba tare da rigima ba. Ya auri wata Baturiyar Ingila mai suna Jane, amma Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan wasu shekaru ya koma gida ya fara karɓar kwangilar hanyoyi da kansa.

A lokacin babu layin dogon fasinja ko taku ɗaya a Ayilan. Mutane da kaya duk a keken doki suke tafiya, ko a kwalekwale. Sai wasu 'yan kasuwar Dublin suka yanke shawarar haɗa birnin da tashar jiragen ruwa ta Kingstown, tafiyar kamar mil 6, kuma Dargan ne ya samu kwangilar. Aikin ba ƙarami ba ne, domin wani ɓangaren hanyar ta bakin teku ya bi. Dole aka yi ta zuba ƙasa da duwatsu aka tayar da doguwar ganuwa a cikin ruwa, sannan aka ɗora ƙarfen dogo a kanta. Ranar 17 ga Disamba, 1834, aka buɗe layin, jirgi mai aiki da kwal da tururi ya ja fasinjoji. Wannan shi ne layin dogon fasinja na farko a ƙasar, kuma har yanzu ana bin sa, sai dai jiragen yau da lantarki suke tafiya.

Daga nan kwangila ta yi ta zuwar masa. Ya yi aiki a layin da ya nufi Cork a kudu, da wanda ya nufi Galway a yamma. Kafin shekarar 1853 ya gina fiye da mil 600 na layin dogo. A birnin Belfast kuma ya haƙa mashigar jiragen ruwa, ƙasar da aka kwaso ta taru ta zama tsibiri har aka riƙa kiransa tsibirin Dargan. Daga baya aka sauya masa suna, kuma a kansa ne aka ƙera jirgin ruwan nan Titanic.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne lokacin yunwa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan Ayilan safe da dare, kamar yadda gero da dawa suke a wurinmu. Dankalin ya riƙa ruɓewa tun yana cikin ƙasa, shekara bayan shekara. Cikin mutane kamar miliyan 8, kusan miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtuka, wasu kamar miliyan ɗaya kuma suka shiga jirgin ruwa suka yi hijira, yawancinsu zuwa Amurka.

A irin wannan hali mai neman aiki ba ya ciniki. Ko nawa aka ba shi zai karɓa, don yaransa suna gida ba su ci ba. Ɗan kwangilar da ya ga dama zai iya rage kuɗin lebura ya ƙara wa kansa riba, ba mai ce masa don me. Dargan yana da dubban leburori a lokacin, masu haƙa da shebur da diga, masu tura baro, masu fasa dutse. An san shi da biyan lada mai kyau, kuma yana biya a kan lokaci ba tare da ja musu rai ba. Kowane lebura da ya karɓi kuɗinsa a ƙarshen mako, gida guda ke nan aka ɗora tukunya. Dargan bai iya kawar da yunwar ba, don ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma iyalai masu yawa sun tsira saboda aikinsa.

Bayan yunwar ta lafa, mutanen ƙasar sun karaya, duniya kuma tana yi musu kallon mabarata. Dargan ya so a ga cewa su ma suna iya ƙera abubuwa. Saboda haka a 1853 ya ɗauki nauyin wani gagarumin baje koli a Dublin da kuɗin aljihunsa, inda aka nuna injuna da tufafi da zane-zane. Abin da ya zuba ya kusa fam 100,000, kuma da aka tashi lissafi ya yi asarar kamar fam 20,000. Sarauniya Victoria ta zo kallon baje kolin, har ta kai masa ziyara gidansa, abin da sarauniya ba ta saba yi wa wanda ba basarake ba. An yi masa tayin sarauta, ya ƙi karɓa. Sai jama'a suka tara kuɗi don girmama shi, kuɗin ya taimaka wajen gina babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa, wanda aka buɗe a 1864. Mutum-mutuminsa yana tsaye a gaban ginin har yau.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da sauƙi ba. Ya zuba kuɗi a noman wani tsiro da ake saƙa yadin lilin da zarensa, abin bai yi riba ba. Daga baya ya faɗo daga kan doki ya ji mummunan rauni. Da yake shi kaɗai yake riƙe da ragamar harkokinsa, yana kwanciya sai komai ya rikice, dukiyar ta yi ta zurarewa. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 1867, yana da shekara 67, aka binne shi a maƙabartar Glasnevin da ke Dublin.

Mutanen Ayilan ba su yar da tarihin jiragensu ba. Tun 1964 suka kafa ƙungiyar da ke gyara tsofaffin kawunan jirgi masu tururi, a wasu ranaku a hura musu wuta su ja fasinjoji a kan layukan ƙasar. Akwai kuma masu ƙera ƙananan jirage na ado da za ka iya ɗauka a tafin hannu. Faɗin layin dogon Ayilan ƙafa 5 da inci 3 ne, ya fi na Ingila, jiragensu ma kamanninsu daban. Shi ya sa da yawa daga cikin masu wannan sha'awa suke sayen fallayen tagulla da aka zana wa sassan jirgi, su yanka, su lanƙwasa, su liƙe da dalma, har ƙaramin kan jirgi ya fito da tayoyinsa da bututun hayaƙinsa. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Cyril Fry ya ƙera ɗaruruwan irin waɗannan da hannunsa, yanzu suna ajiye a gidan tarihi a garin Malahide. A Dublin kuma akwai wata gada ta zamani da jirgin cikin gari yake hawa, an sa mata sunan William Dargan.

'Yan uwana, wasunmu za su zama injiniyoyi, wasu 'yan kwangila, wasu masu shago da yara a ƙarƙashinsu. Ranar da haƙƙin wani ya zo hannunmu, kuma muka san ba shi da bakin yin magana, mu tuna yadda ɗan manomin nan ya yi da leburorinsa a shekarun yunwa.