Birnin Da Takobi Ba Ya Buɗewa

Mai karatu, ka ji labarin Ɗan Baskore, Sarkin Katsina na Maraɗi? Jihadi ya fitar da kakanninsa daga Katsina wajen 1807. Shi kuwa ya yi fiye da shekara 20 kan gadon sarauta, yana riƙon jama'a, yana fita yaƙi tare da Gobirawan Tibiri. Ya kai wa ƙasar Katsina hari sau da yawa, amma har ya rasu wajen 1875 birnin bai komo hannunsa ba.

Kai fa, wane birni kake nema? Na Allah ba a shigarsa da jarumtaka ko sarauta, gama zunubi ya tare hanya. Yesu Almasihu ya mutu dominka, ya tashi, ya buɗe ƙofa. Ka gaskata da shi yau.