Mikhail Mil: Ɗan Poli Da Ya Ƙera Jiragen Da Sojojinmu Ke Hawa

Duk wanda ya tashi a cikin Birnin Zazzau ya saba da ƙarar jirgi, domin ƙananan jiragen koyon tuƙi na kwalejin nan ta Palladan, wadda aka kafa tun 1964, ba sa rabuwa da samanmu. Amma jirgi mai saukar ungulu daban yake. Ranar da na soja ya ratso ta saman gari, tun kafin ka gan shi za ka ji kwanon rufin ɗaki yana karkarwa. Muna yara da gudu muke fitowa lungu mu ɗaga kai har sai ya ɓace. Sai a bana, shekarata ta ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci, na san cewa haruffan nan biyu da ke gaban sunayen Mi-17 da Mi-35, jiragen da rundunar sojan samanmu da ta Nijar ke aiki da su, farkon sunan mutum ne. Sunansa Mikhail Mil, kuma shi ma ɗan Poli ne kamar mu.

An haifi Mil ranar 22 ga Nuwamba, 1909, a garin Irkutsk da ke yankin Saberiya na ƙasar Rasha. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuma likitar haƙori. Tun yana yaro yake son zane da haɗa 'yan jiragen wasa, kuma zanen bai bar shi ba har ya tsufa. A 1926 ya shiga makarantar fasaha ta Tomsk, bayan shekara biyu ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Don, a garin Novocherkassk, inda ake koyar da ilimin jiragen sama. Yana can ya ji labarin wani injiniya mai suna Nikolai Kamov da ke gwajin wani irin jirgi da ake kira otojairo, wanda iska ce ke juya farfelar samansa, ba inji ba. Sai ya rubuta masa wasiƙa, ya je ya ƙarar da hutunsa a wurinsu yana aikin yaron bakanike. Wato dai irin horon sanin makamar aikin nan da wasunmu ke zuwa su sa hannu a takarda su gudu, shi da ƙafarsa ya nema.

Ya gama karatu a 1931, ya kama aiki a babbar cibiyar binciken jiragen sama ta Mosko. Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, an tura shi bakin daga kusa da garin Yelnya a matsayin injiniyan wani ƙaramin rukuni na jiragen otojairo. A ƙarshen 1947 gwamnati ta ba shi ofishin ƙira nasa na kansa, aka ce ya fito da helikwafta.

Jirginsa na farko, Mi-1, ya tashi a Satumbar 1948, amma farkon bai zo da daɗi ba. Na farko da aka haɗa ya haura sama da mita 5,000, sanyi ya daskarar da giris ɗin da ke cikin na'urar sarrafa shi, jirgin ya ƙwace, matuƙin gwaji Matvei Baikalov ya diro da lema ya tsira. A Maris na 1949 na biyun ya faɗo, wannan karon Baikalov bai sha ba. Da aka bincika, sai aka ga sandar ƙarfen da ke juya farfelar wutsiya ce ta karye, saboda waldar da aka yi mata ba ta kama da kyau ba. Lissafin injiniyoyi bai hana hannun mai walda ɗaya cin ran mutum ba. Mil ya gyara, jirgi na uku ya ci jarrabawar gwamnati, aka fara ƙera shi da yawa a 1950.

Daga nan sai gasa ta kankama. Amurka ta nuna amfanin helikwafta a yaƙin Koriya, wajen kwashe waɗanda suka ji rauni da kai kaya inda mota ba ta zuwa. Shugabannin Sobiyet suka matsa lamba, Mil ya fito da Mi-4 a 1952. A 1957 kuma ya tayar da Mi-6, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya. Faɗin da'irar farfelarsa mita 35 ne, yana ɗaukar tan 12, wato buhun siminti 240, kuma shi ne helikwafta na farko da ya wuce gudun kilomita 300 a sa'a. An ƙera fiye da 900.

To, a nan ne darasin da ya sa na ɗauki alƙalami yake. A shekarun 1960 jirage biyu suka fito daga ofishin Mil, ɗaya matsakaici, ɗaya ƙato. Matsakaicin shi ne Mi-8, wanda ya fara tashi a 1961. Ba ya ɗaukar fiye da kimanin tan 4, buhun siminti 80 ke nan, ko sojoji 24 da kayansu. Ƙaton kuwa shi ne V-12. Sojoji ne suka ce suna son abin da zai kwashi manyan makamai masu linzami daga filin jirgi ya kai su can cikin daji inda babu hanya. Mil ya ɗauki farfelar Mi-6 guda biyu ya ɗora a ƙarshen fukafukai, dama da hagu, ya sa injuna huɗu. A gwajin farko a 1967 jirgin ya yi ta tangaɗi ya dira da ƙarfi ya lalace, a gaban manyan mutane. Aka gano matsalar a na'urar sarrafawa, aka gyara. Ranar 6 ga Agusta, 1969, V-12 ya ɗaga kaya mai nauyin tan 40 da ɗoriya zuwa tsayin sama da mita 2,000. Buhun siminti 800 fa, ya fi lodin tirela guda. Har yau ba a sami helikwaftan da ya karya wannan tarihi ba.

Amma guda biyu kacal aka ƙera. Kafin a gama gwaje-gwaje tsarin makaman da aka yi shi dominsu ya canza, aikinsa ya ɓace, aka jingine shirin. Ɗaya yana ajiye a gidan tarihi na Monino kusa da Mosko, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto da shi. Shi kuwa Mi-8 da ƙaninsa Mi-17, an ƙera sama da 17,000, babu helikwaftan da ya kai su yawa a duniya, kuma ƙasashe fiye da 50 ke amfani da su, har da mu. Dalili kuwa a fili yake: yana sauka a fili mai ƙura, yana jure zafi da sanyi, bakanike na iya buɗe murfin injin ya tsaya a kansa ya yi aiki ba tare da wani tsani na musamman ba, kuma kayan da soja ke buƙatar kaiwa yau da gobe, abinci da harsashi da marasa lafiya, ba su cika wuce ƙarfinsa ba.

Mu 'yan cikin birni ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tirela ta fi a-kori-kura ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma idan gidanku yana can cikin lungunan Kwarbai ko Limancin Kona, tirela bakin titi za ta tsaya, a-kori-kura da baro su ne za su kai siminti ƙofar gida.

Mil bai ga ƙarshen labarin ba. Ya rasu ranar 31 ga Janairu, 1970, yana da shekara 60, watanni kaɗan bayan tashin farko na Mi-24, jirgin yaƙin da Mi-35 ya fito daga gare shi. Bai kai ga bikin baje kolin jirage na Faris a 1971 ba, inda aka nuna V-12 duniya ta riƙe baki. Magajinsa, Marat Tishchenko, shi ya jagoranci ƙera Mi-26 da ya tashi a 1977. Yana ɗaukar tan 20, rabin na V-12, kuma shi ne helikwafta mafi ƙarfi da ke aiki a yau. A 2002 a Afganistan, da jiragen Amurka samfurin Chinook suka lalace a kan duwatsu, Mi-26 aka yi haya ya rataye su ya fito da su.

Ka ga wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, kowa ya sayi Mi-26. Sai dai ba haka manyan rundunoni suka yi ba. Indiya tana da Mi-26 tun shekarun 1980, amma da ta tashi sabunta manyan jiragenta na dako, ta aza shi a ma'auni da Chinook na kamfanin Boeing, mai farfela biyu gaba da baya, wanda ba ya wuce tan 10 zuwa 12. Ta lissafa kuɗin saye haɗe da na mai da gyara na tsawon rayuwar jirgin, ta zaɓi Chinook, ta sa hannu kan sayen guda 15 a 2015. Jamus ma a 2022 ta zaɓi Chinook 60, ta bar CH-53K na kamfanin Sikorsky, alhali ya fi shi ƙarfin ɗagawa. Tambayoyin da suka yi su ne ya kamata mu riƙa yi duk ranar da muka ji an ware biliyoyi don sayo jirage: me za a ɗauka, zuwa ina, kwana nawa jirgin zai yi a sama kuma nawa zai yi a gareji, wa zai gyara, daga ina safaya za ta zo? Ta ƙarshen nan ba wasa ba ce. Shekaru da dama a garin Zaporizhzhia na ƙasar Yukren ake ƙera yawancin injunan Mi-17 da Mi-35, alhali gangar jikin daga Rasha take, kuma kowa ya san halin da ƙasashen biyu ke ciki tun 2022.

Bari in faɗi nawa abin kunyar. Aikin kammalawa na rukuninmu injin sussukar masara ne. Da muka kai zanen farko, ƙato muka yi, don mu burge. Malamin da ke duba mu bai ce ya yi ko bai yi ba, sai ya tambaye mu wane manomi ne zai iya sayensa, da me za a kai shi gona, kuma idan ƙarfe ɗaya ya karye a ƙauye wa zai gyara. Muka yi tsuru-tsuru. Muka koma muka rage shi yadda zai hau bayan Keke. Ranar gwaji kuma, minti bai fi biyar ba ƙafar da ke riƙe da injin ta ɓalle, bel ya tsinke ya wuce ta gefen kunnen abokina. Ni na yi waldar, da yamma, ina sauri in kama motar gida. Allah ya tsare babu wanda ya ji ciwo, amma da na karanta labarin Baikalov wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

'Yan'uwana, musamman ku da za mu bari a baya, ana yawan faɗa mana cewa mai difloma ɗan rakiya ne, mai digiri shi ne injiniya. Rundunar sojan samanmu, wadda ita ma aka kafa a 1964, tana da cibiyar koyar da fasaha a Kaduna, ga kwalejin Palladan a ƙofar gidanmu, kuma wasu daga cikinmu can za su nufa. Jirgin da zai ɗauko sojan da aka harba a dajin Birnin Gwari ko Sambisa ba zai tashi ba sai wani mai rigar aiki ya duba giris, ya ɗaure noti, ya sa hannu. Idan Allah ya kai ka wannan matsayi, ko ya sa ka a kwamitin da zai zaɓi abin da za a saya, ka tuna da jiragen Mil guda biyu. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita lafiya.